Gaisuwa a Kan Zare

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kuma tsaga ta inda ya so, wanda ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya bar ɗan Adam da ƙafa biyu da 'yar dabara. Na kusa ya gyara zama, na nesa ya matso. Ni ce Yalwa, jikar Hansai, 'yar Kurmin Gayya a ƙasar da ke yamma da Tsaguwa. Zan faɗi yadda na kai kakata garin haihuwarta, da abin da muka tarar a hanya, da wanda ya goya mu.

Na ji an ce haka ake buɗe hikaya, to na buɗe. Yanzu ku bar ni in yi magana yadda na saba, don ni jan zance ƙaiƙayi yake sa min.

Ƙasarmu a rabe take gida biyu. A tsakiya akwai wani rami da ake kira Tsaguwa, in ka jefa dutse a ciki har ka gaji da jira ba za ka ji faɗuwarsa ba. Babu gada. Ƙarfe ne guda ɗaya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sunansa Zare. Mutum ba ya iya bin sa da ƙafa, ga nisa ga iska. Masu bin sa su ne 'yan tagulla, wato mutum-mutumin da maƙera suka ƙera tun zamanin da. Tsayinsu kamar na saurayi, suna gani suna ji, kuma keke suke tuƙawa a kan Zaren, su goya mutum ko kaya a baya su tsallakar.

Kakata, Iya Hansai, a can gabas aka haife ta, a Rafin Gora. Aure ne ya tsallako da ita tana da kitsonta baƙi wuluk, ta baro yayarta Tabawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowace shekara sai ta ce baɗi za ta je gida. Baɗi sai ga ciki, wata baɗin ga goyo, wata kuma mijinta Malam ba lafiya. Tana cikin baɗi-baɗin nan furfura ta fito mata. Mai furfura kuwa ba ya hawa Zare. Doka ce, kuma zan gaya muku dalilinta in mun isa wurin.

Ran nan ina tankaɗe a tsakar gida wata mai fataucin kanwa ta yi sallama. Daga gabas take. Bayan an gaisa an sha ruwa ta ce da Iya, "Tabawa ta kwanta. Ta daina cin komai sai ruwan koko, kuma ba ta kiran sunan kowa sai naki."

Iya ta kara hannu a kunne. "Wa ya kwanta?"

Kunnen Iya ya yi nauyi tun ina goye. A duk gidan muryata kaɗai take kamawa da wuri, wai don tana da kaifi kamar ta zabuwa. Ni na maimaita mata. Kawunnaina suka taru suka ce sai dai addu'a, Zare ba ya ɗaukar tsoho. Iya ba ta yi musu da kowa ba. Ta shiga ɗaki ta ƙulle zannuwanta da carbinta da man kaɗanya da ɗan ƙullin daddawa, ta fito ta zauna a bakin zaure da sandarta.

Na ce, "Ina za ki, Iya?"

"Wurin Yaya."

"Ai ba za su bar ki ki hau ba."

"To in je in zauna a bakin ramin. Ko iskar da ta taɓa ta ta zo ta taɓa ni."

Na ajiye rariya na ce, "Tashi mu je. Ni zan tsallakar da ke." Ban san yadda zan yi ba. Na dai san in na tsaya tunani Tabawa za ta mutu ba su gana ba.

Tafiya da Iya sai mai zuciyar dutse. Ba rashin saurinta ne abin haushin ba, gaisuwa ce. Iya ba ta wuce mutum. Manomi a kunya, mai kiwo a gindin bishiya, mace a bakin rijiya, sai ta tsaya ta dogara da sanda: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya damina, ɗan gidan wa. Rabin amsar ma ba ta ji, amma sai ta jira bakin mutum ya gama motsi. Ni kuwa gaisuwata a guje take, in jefa "sannunku" in yi gaba.

"Iya, yayarki fa tana can kwance."

"Na sani, uwar gaggawa."

"To ki riƙa gajartawa mana."

"In gajarta, ragowar in kai wa wa?"

Haka muka ratsa dajin da itatuwansa ke juya ganye su bi mai wucewa da kallo. Haka muka hau tsaunin da duwatsunsa ke da ɗumi kamar jikin saniya. Daga nan muka gangaro Fadamar Madubi, ita ce ƙarshen abin da ke tsakaninmu da Zare.

Fili ne shimfiɗe da ruwa iya idon sawu, ba ciyawa ba tudu. Ka ɗaga kai sama ce, ka sunkuya sama ce. Matafiyi sai ya rasa gabas ya rasa yamma, ya yi ta zagaye har ƙafarsa ta gaza. Nan da can akwai sanduna a kafe cikin ruwan, na waɗanda suka gaza. Gari na wayewa muka shiga. Muna ta tafiya, muna ta tafiya, sai na ga wata sanda mai jan tsumma da muka riga muka wuce. Na gane zagaye muke yi. Iya ta ce mu tsaya mu jira Allah ya kawo wani. Ni jira ba ya cikin jinina. Na tuna mai kanwar nan ta ce Bakin Zare garin maƙera ne, hayaƙin gawayi ba ya yankewa a can. Na cire ɗankwalina na ɗaure idona da shi, na ba Iya bakin zanena ta riƙe, na bi warin hayaƙi da hanci kamar akuya ta ji dusa. Rana ba ta yi zafi ba ƙafata ta taka busasshiyar ƙasa.

Na kwance ido ina jin duk duniya ba mai wayona. Iya ta matse bakin zanenta ta ce, "Hancin gidanmu ne."

A ƙofar tashar Bakin Zare an kafa allo. Ban daɗe da iya karatu ba, don haka duk rubutun da na gani sai na karanta shi da ƙarfi, ko an sa ni ko ba a sa ni ba. Na karanta: "Mai furfura ba ya hawa." Ranar ce kaɗai na so a ce ban iya ba.

A gefen tashar, dab da bakin ramin, tsofaffi ne zaune a jere kan tabarmi, maza can mata nan, duk fuskarsu gabas. Ba hira suke ba, ba barci suke ba. Kowa yana da nasa a wancan gefen. Wata tsohuwa ta ɗago ta ga Iya, ba ta tambaye ta komai ba, ta matsa ta buɗe mata wuri a tabarma. Wannan matsawar ta fi ramin ba ni tsoro. Na ja hannun Iya muka wuce.

Sai ga 'yan tagulla. Jikinsu ya yi kore-kore don tsufa, gwiwoyinsu na sheƙin mai. Suna kan kekunansu suna jiran mahaya, ƙafa biyu duk a kan feda, ba wanda ya dafa ƙasa ko bango. Keken a tsaye cak, sai kansa da ke ɗan motsi hagu da dama, kaɗan-kaɗan, kamar kan kaza tana kallon tsaba. Ni na iya keke. A na Kawu na koya, na faɗi har gwiwata ta saba, kuma na san tafiya ce ke riƙe keke, da ka tsaya sai ƙasa. Su kuwa ko a jikinsu.

Ina kallo wani dattijo ya gifta yana rigima da mai gawayi. Wani ɗan tagulla ya ce masa wani abu ƙasa-ƙasa. Dattijon bai kula ba. Sai ɗan tagullan ya ɗaga ƙafa daga feda, ya sauko daga keke, ya durƙusa a gabansa. Sannan dattijon ya waiwayo ya ce, "A'a, lafiya lau, tashi abinka." A raina na ce, to, ga dangin Iya har a cikin ƙarfe.

Mai duba kan mata a tashar ita ce Magajiya Kuluwa, doguwar mace mai babbar murya. Na bar Iya a inuwa na je na tambaye ta dalilin dokar.

Ta ce, "Maƙeran da suka ƙera su sun koya musu ladabi kamar 'ya'yan cikinsu. In tsoho zai hau, sai su gaishe shi a nan, ya amsa, su tashi lafiya. Kin ga girgijen can a tsakiyar Zare? Mutanen gabas sun ce suna hango keken ya fito daga ciki, ya tsaya cak, can sai ya kife. Da mai baƙin kai bai taɓa faruwa ba. Sai da muka rasa dattawa da yawa kafin a kafa allon nan. Waɗanda suka san cikin 'yan tagullan kuma duk sun mutu."

"In an ɗaura ɗankwali fa?"

"Iskar Zare ba ta barin ɗankwali a kai, 'yar nan. Kuma hantsi kaɗai ake hawa. In rana ta take, sai gobe."

Na ruga kasuwa wurin mai lalle na ce ina son abin da ke mai da gashi baƙi. Ta ce akwai, amma sai ya kwana a kai, gobe da hantsi mu hau. Gobe. Ni na san mai shan ruwan koko kaɗai ba a yi mata alkawarin gobe. Ina juyowa na ga tukwanen mai tuwo a kife a bayan rumfa. Na kankaro baƙin gindinsu, na kwaɓa da man kaɗanyar Iya, na ja ta bayan zana na kwance mata ɗankwali. Na shafe kan tas, har gira.

Iya ta ce, "Furfurar da na yi shekaru ina tarawa, ke kin zo mata da gindin tukunya."

"Miƙe bayanki, Iya. Sandar nan kuma a nan za ta zauna."

"Saura ki samo min saurayi."

Magajiya Kuluwa ta sa yatsu cikin gashin Iya, ta zaro su, ta kalle su. Baƙi ƙirin.

Ta ce, "Wannan wace ce?"

"Yayata ce."

"Yayar taki ta sha wahalar duniya." Ta juya ta kalli jerin tabarmin nan. "Uwata a kan ta ƙarshen can ta cika, tana kallon gabas. Ni na hana ta hawa." Ta goge yatsunta a zane. "An ce in duba furfura. Ni ban ga furfura ba."

Ɗan tagulla ɗaya ne ya rage a tashar, wani mai lotsattsiyar kafaɗa. Aka ɗora Iya a kariyar baya, aka ɗaure ta da zane a ƙugunsa. Magajiya ta ce min, "Mutum ɗaya, keke ɗaya. Ke ki biyo ta gobe."

Na ce ba na jira. Na yi tsalle na zauna a kan ƙarfen gaba, tsakanin hannuwansa, yadda nake zama a keken Kawu. Kafin Magajiya ta buɗe baki ya taka feda.

Ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinmu. Na leƙa sau ɗaya na ga bayan shaho yana shawagi can ƙasa, ban sake leƙawa ba. Iska ta fizge ɗankwalina, ta fizge na Iya. Na manna kunnena a ƙirjin ɗan tagullan don in ɓoye fuska. A ciki wani abu ne ke juyawa yana ƙara, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. In na ɗan motsa sai ƙarar ta ƙaru, kan keken ya yi rawa. Sai na daina motsi. Taya na bin Zare, sarƙa na kuka a hankali, rana a gabanmu.

Muka shiga girgijen. Sanyi da laima, ko hannuna ba na gani. Ruwa na bin wuyana yana shiga rigata. Da muka fito sai na ga inuwarmu a gaba, rana ta koma bayanmu ta yi ƙasa. Da hantsi muka shiga, da la'asar muka fito. Ashe haka Tsaguwa take, tana cinye rabin wunin duk wanda ya tsallake ta.

A kan keken akwai ɗan madubi. Na kalla na ga Iya. Baƙin tukunya ya zubo mata layi-layi har haɓa, kanta kuwa fari fat kamar auduga. Kuma na ga idon ɗan tagullan ya juya ya sauka a kan madubin.

Ƙafafunsa suka rage sauri. Sarƙa ta yi shiru. Muka tsaya.

Ba ƙasa a dama, ba ƙasa a hagu. Tayoyi biyu a kan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, mutum biyu da ɗan tagulla a sama, iska na dukanmu. Kan keken na ta ɗan motsinsa, hagu, dama, hagu. Ƙudan zuman ƙirjinsa sun haukace.

Sai na ji murya a ƙarƙashin kunnena, siririya, a ladabce. Da kunnena ba ya manne da ƙirjinsa da ban ji ba.

"Ina wuni, Inna."

Iya idonta a rufe, leɓenta na motsi da addu'a. Ba ta ji komai ba.

Ya sake cewa, "Ina wuni, Inna."

Na ce, "Lafiya lau. Mu tafi."

Ko gezau. Ba ni ya gaisar ba.

"Ta ce lafiya lau," in ji ni. "Wallahi ta ce."

Sai na ji gwiwarsa ta dama ta goge ni. Na saci kallo. Ƙafarsa tana ɗagowa daga feda a hankali. Dattijon tasha ya faɗo min a rai. An gaida babba bai amsa ba, to laifin yaro ne da ya yi gaisuwa daga kan keke. Sauka zai yi ya durƙusa. A inda babu ƙasa.

Ban juya ba, don in na juya mun tafi. Na tattara muryar zabuwar nan tawa na ƙwala, "Iya! Gaishe ki yake."

"Wa?"

"Ɗan tagullan. Ya ce ina wuni. Ki amsa da ƙarfi."

A madubi na ga ta buɗe ido. Ta kalli ƙeyarsa, ta gyara murya kamar tana zaune a zaurenta.

"Lafiya lau, yaro."

Ƙafar ta tsaya a sama. Sannan ta koma kan feda sannu a hankali. Na saki numfashi, na ce shi ke nan za mu tafi.

"Ina gajiya, Inna?"

Na rufe ido. "Ya ce ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Ina iyali?"

"Ya ce ina iyali."

"Suna nan lafiya, mun gode Allah."

"Yaya ƙarfin jiki?"

"Ya ce yaya ƙarfin jiki."

"To, jikin tsufa ne. Da sauƙi."

Haka muka yi ta yi. Shi ya faɗa a ƙirji, ni in ɗauka in cilla baya, ita ta amsa. Ƙarfen da nake zaune a kai ya kashe min ƙafa. Hancina ya kama ƙaiƙayi irin wanda ban taɓa ji ba, ban isa in sosa ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya tambayi labari, Iya ta ce sai alheri. Daga nan ya yi shiru yana jira a sallame shi.

Na ce, "Iya, ya gama. Ki ce ya tafi."

"Yaro ya gaishe ni tsaf, in ƙi tambayar nasa?"

"Iya, don Allah."

"Rufe min baki, uwar gaggawa." Ta ɗaga murya. "Kai yaro, ɗan gidan wa?"

Ya ce, "Ɗan gidan Maƙeri Jatau ne ni, Inna, na Unguwar Zuga."

Na isar mata.

"Jatau mai ɗingishi? Shi ya riƙe min keke ranar da aka kawo ni. Yana nan?"

"Ya rasu, Inna."

"Ya ce ya rasu."

Iska ta bugo mu, keken ya karkata ya dawo. Iya ta ce, "Allahu akbar. Mutumin kirki, mai yawan tsokana. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ku kuma ya ba ku haƙuri."

Ƙarar da ke ƙirjinsa ta sauka, ta yi ƙasa sosai, har na ji tsoro ko tsayawa za ta yi.

"Amin, Inna. Na gode. Ba wanda ya taɓa yi min ta'aziyyarsa."

Wannan sai da na faɗa sau biyu kafin Iya ta ji.

Ta ce, "To madalla. Jeka, yaro, Allah ya yi maka albarka. Kai mu gida."

Ya taka feda. Sarƙa ta ɗauki kukanta.

Muna tafiya ina ta juya abin a kaina. Gaisuwar safe an yi ta a tasha, amma da an fito daga girgije la'asar ce, ta wuni ta hau kansa. Maƙeran sun ba shi ƙaramar murya don yaro ba ya ɗaga wa babba murya. Tsoho kuma a baya yake, ga iska, ga kunne ya yi nauyi. Duk dattawan nan da suka faɗa, gaishe su aka yi ba su ji ba, kuma babu kowa a tsakani da zai isar.

Da tayarmu ta taɓa ƙasar gabas mutanen tasha suka miƙe tsaye. Rabon da su ga farin kai ya sauko daga Zare tun suna yara. Na kama hannun sarkin tashar na zazzage masa komai a tsaye, na ce a aika wa Magajiya Kuluwa, duk tsohon da zai hau a ɗora masa jika mai kunne a ƙarfen gaba. Ina waiwayowa ban ga Iya ba.

Can na hango ta a hanyar Rafin Gora, ba sanda, ba ɗankwali, tana sauri kamar ana korar ta. Mata a bakin rijiya suka ce sannu da zuwa, ta wuce. Wani dattijo a gindin tsamiya ya ɗaga mata hannu, ta wuce. Ni ce a baya ina durƙusawa. "Ina wuninku. Ku yi haƙuri, yayarta ce ba lafiya. Ina wuni, Baba. Lafiya lau muka zo."

Gidan bai ɓace mata ba. Muka tarar da Tabawa a ƙarƙashin rumfa, kwance a tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. 'Ya'yanta da jikokinta sun kewaye ta. Idonta a buɗe yake, yana kan ƙofa.

Na zaci Iya za ta faɗa kanta da kuka. A'a. Ta tsaya ta gyara zanenta, ta durƙusa a gefen tabarmar, don ita ce ƙarama.

"Ina wuni, Yaya."

Leɓen Tabawa ya motsa. Ba abin da ya fito da kunne zai kama. Iya ta ɗago ta kalle ni. Ban jira ta ce komai ba, na durƙusa a tsakaninsu na kai kunnena bakin Tabawa. Numfashinta na warin koko.

"Ta ce lafiya lau. Ta ce ina gajiya."

"Ba gajiya, Yaya."

"Ta ce ina Malam."

"Malam ya riga mu. Shekarun baya."

"Ta ce Allah ya jiƙansa. Ta ce ina yara."

"Duk suna gaishe ki. Wannan ta wajen Audi ce, Yalwa. Ita ta kawo ni."

Idon Tabawa ya zo kaina, ya koma kan Iya, ya tsaya a fuskarta. Leɓen ya sake motsi.

"Ta ce me ya sami fuskarki kamar gindin tukunya."

Wata daga cikin 'ya'yan ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta toshe baki da mayafi.

Iya ta ce, "Kwalliya na yi miki."

"Ta ce kin daɗe."

"Na daɗe, Yaya. Ki yafe min."

"Ta ce ta yafe. Ta ce ke ma ki yafe mata."

"Ba ki min komai ba. Na yafe."

"Ta ce kin ci abinci?"

Iya ta kwance ƙullinta, ta fito da daddawar nan ta kai kusa da hancin yayarta. "Ga wannan na kawo miki. Irin ta Innarmu ce, ban canja komai ba."

Tabawa ta ja numfashi a hankali, ta lumshe ido, ta buɗe. Na mai da kunnena bakinta. Na jira. Inuwar rumfa ta matsa ta hau ƙafata, ban motsa ba. Ban taɓa jiran wani abu kamar yadda na jira kalmar nan ba.

Iya ta ce, "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Iya."

Iya ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta miƙa hannu ta shafa fuskar yayarta daga goshi zuwa haɓa, ta rufe mata ido.

"To, mun gaisa," in ji ta. "Jeki, Yaya. Allah ya yi miki rahama."

Nan keken hikayata ya tsaya, nan na sauke ƙafa. Wanda ya ji, ya isar wa wanda kunnensa ya yi nauyi.